Baki a gaba, murya a baya: tarihin haɗa hoto da sauti



Makon jiya mun sa wani bidiyo a shafin nan, hirar da muka yi da wani dattijo manomi kan rigimar burtali tsakanin garinsu da makiyaya. Hirar minti arba'in ce. Farkonta lafiya lau. Daga tsakiya sai bakin tsohon ya fara riga muryarsa, kafin a kai ƙarshe za ku ga ya rufe baki ya jingina da bango amma magana tana ci gaba. Nan fa saƙonni suka yi ta shigowa. Wani ya rubuta cewa wannan ba muryar tsohon ba ce, ɗora masa aka yi. Washegari ɗansa ya kira mu, ransa a ɓace: "Malam, a gari ana cewa kun sa wa Baba magana a baki. Shi kuwa Baba ya ce duk abin da aka ji shi ya faɗa. To yanzu wa za a yarda da shi?"

Kun san maganar gona da burtali ba abin wasa ba ce a ƙasar nan. Kalma ɗaya da aka ce mutum ya faɗa, ko aka ce bai faɗa ba, tana iya tada husuma. Mun sauke bidiyon, mun gyara, mun mayar, kuma laifin namu ne, za mu faɗa muku inda aka samu matsalar. Amma abin ya sa mun koma mun bi asalin wannan ciwo na baki da murya, sai muka tarar tsohon ciwo ne, ya girmi kakanninmu, kuma wani babban yanki na tarihinsa a nan bakin kogin Kwara aka rubuta shi.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne hoto da murya ba tafiyarsu ɗaya ba. Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Murya kuwa ba ta tsayawa, gudana take kamar ruwa. Na'ura biyu ke nan, kowace da nata gudun, kuma duk tarihin nan na neman yadda za a sa su taka ƙafa tare ne.

A ƙarshen 1894 ko farkon 1895, a ɗakin gwajin Thomas Edison da ke jihar New Jersey ta Amurka, wani ma'aikacinsa William Dickson ya tsaya gaban wani ƙaton mazurari yana kaɗa gogen Turawa, maza biyu suna rawa a gefensa. Kamera tana ɗaukar hoto, mazurarin yana kai sautin kan wani abu na kaki mai kama da gwangwani. An ɗauki duka biyun, amma haɗa su ya gagara. Hoton ya tafi wani gidan ajiya, gwangwanin kakin ya zauna a wani, har ya fashe. Sai a 1998 aka gyara shi, a 2000 kuma Walter Murch, shahararren mai montaj da ya ci kyautar Oscar, ya zauna gaban kwamfuta ya jera su. Fim ɗin sakan 17 ne kacal, amma ya jira fiye da shekara ɗari kafin hannun mai goge ya haɗu da kukan gogensa.

A Faransa, Léon Gaumont ya fito da tasa na'urar mai suna Chronophone a 1902, wadda ke ɗaure majigi da garmaho. Wata mata a kamfaninsa, Alice Guy, ta shirya gajerun finafinan waƙa fiye da ɗari da ita. Dabararsu ita ce a fara ɗaukar waƙar a faifai, sannan a kunna ta, mawaƙi ya tsaya gaban kamera yana bin ta da baki. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗaukar waƙar fim ɗin Kano, lasifika a gefe jarumi yana motsa leɓe, to ya ga dabarar nan da ranta. Ba ta mutu ba.

Ranar 6 ga Oktoba 1927 aka nuna The Jazz Singer a birnin New York, fim ɗin da aka fi ambata a matsayin mafarin silima mai magana, ko da yake maganar da ke cikinsa ba ta wuce ta minti biyu ba, sauran waƙoƙi ne da rubutu a allo. Muryarsa a faifai take, mai faɗin kusan santimita 40, kowane faifai da nasa ƙunshin fim na kimanin minti goma sha ɗaya. Akwai kibiya a jikin faifan inda mai majigi zai aza allura, akwai alama a zaren fim, sai a tada su lokaci guda a yi ta addu'a. Allura ta yi tsalle, shi ke nan, mace na magana da muryar namiji har ƙarshen ƙunshin. In zaren fim ya tsinke aka yanke hoto biyar, dole a liƙa baƙin hoto biyar a gurbinsu, in ba haka ba lissafi ya rushe. Cikin ƴan shekaru aka watsar da faifan, aka koma zana muryar a gefen zaren fim ɗin kansa, wani siririn layi da haske ke karantawa. Daga nan ne aka tsayar da gudun fim a kan hoto 24 cikin sakan ɗaya, domin murya ba ta yarda mai juya kamera ya yi sauri yau ya yi sanyi gobe.

Wannan ya gyara wajen nunawa. Wajen ɗauka kuwa har yanzu na'ura biyu ce. Sai aka samo magani mai arha wanda har yau ba a samu wanda ya fi shi ba: allo mai katako biyu da ake bugawa gaban kamera, ƙwas! Faransawa na ce masa clap. Ana danganta ƙirƙirarsa ga wani mai ɗakin shirya fim a birnin Melbourne na Ostareliya, F. W. Thring. Hikimar a fili take. A hoto akwai wuri guda tak inda katakon biyu suka haɗu, a murya akwai wuri guda tak inda ƙarar ta tashi. Mai montaj ya sa alama a nan, ya sa a can, ya aza ɗaya kan ɗaya. Ku riƙe wannan ƙwas ɗin, za mu dawo kansa.

To duk wannan a cikin manyan ɗakunan Turai da Amurka ake yinsa, da na'urori masu nauyin buhun gero da dama, da wutar lantarki, da kamera a cikin akwati don kada ƙararta ta shiga mikro. Wanda zai fita daji ya ɗauki mutane a inda suke, ba shi da wannan gatan. Nan ƙasarmu ta shigo cikin labarin.

Jean Rouch ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, a nan ya haɗu da Damouré Zika, wani saurayi Basorke. A 1946 da 1947 shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Kwara tun daga mafarinsa a Gine har inda ya faɗa teku a Najeriya. A hannunsa akwai wata tsohuwar kamera Bell & Howell ta zare mai milimita 16, wadda ake yi wa wani kamar agogo. In an yi mata wani ba ta wuce sakan ashirin da ƴan kai sai ta tsaya, kuma ba ta jin komai, kurma ce. Da ita ya ɗauki Sorkawan yankin Ayoru suna farautar dorina. Da ya koma Paris ba shi da kuɗin gama aikin, sai kamfanin labarai na Actualités Françaises ya karɓi hotunan. Suka yanka yadda suka ga dama, suka sauya jerin abubuwan, suka zuba kiɗan da ba shi da alaƙa da kogin, suka sa wani mai sharhi ya yi ta zuba a kai, suka raɗa masa suna Au pays des mages noirs. Rouch ya yi ta jin kunyar fim ɗin har tsufansa.

Mu tsaya nan kaɗan, domin a ganinmu nan ne zuciyar maganar. Masuntan nan suna cikin hoton, bakinsu yana motsi, suna kiran juna, suna yi wa harginsu kirari, amma ba a jin ko ɗaya. Wanda ake ji wani Bature ne a ɗaki a Paris da bai taɓa shaƙar iskar Ayoru ba, shi ke faɗa wa duniya su wane ne su da abin da suke nufi. Haka yawancin finafinan da aka yi kan Afirka a zamanin mulkin mallaka suke: fuskarmu, bakin wani. Ba mu ce na'ura ce ta kawo raini ba, rainin yana nan tun kafin ta. Amma kurmar kamera ta yi masa shimfiɗa mai kyau.

A 1951 Rouch ya sake ɗaukar farautar dorina, wannan karon da na'urar ɗaukar murya a gefe, fim ɗin da ya zama Bataille sur le grand fleuve. Ana ɗaukar sauti daban, a zo a liƙa shi kusa da inda ya dace, amma ba a iya sa shi ya bi leɓe. A 1954 ya kawo fim ɗin Ayoru, aka kafa majigi, masuntan suka ga kansu. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, sun kalla sun sake kalla, sannan suka yi masa gyara. Ya sa kiɗan farauta a daidai wurin da ake bin dorina, don ya ƙara wa abin armashi. Suka ce a'a, ba a kiɗa a lokacin farauta, dorina tana da kunne ko a ƙarƙashin ruwa, kuma kiɗa ƙarfin hali zai ba ta. Rouch ya karɓi gyaran. Ku duba fa, mutanen da a ranar suka fara ganin kansu a majigi, abin da suka kama shi ne an aza sautin da bai dace ba kan hoton. Masu saurarenmu da suka yi mana ca makon jiya suna da magabata.

A wannan zaman ne maganar wani sabon fim ta taso, wanda ya zama Jaguar. Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel suka taka ƴan ci-rani uku da suka bar Ayoru zuwa Gwalkwas, Ghana ta yau, neman kuɗi a Akara da Kumasi. An ɗauki hotunan a 1954 da 1955 da kurmar kamerar nan. To ina magana? Sai aka yi dabara: bayan shekaru aka zaunar da su a ɗakin ɗaukar murya, aka haska musu fim ɗin, aka buɗe mikro, suka yi ta magana a kan hotunan kansu, suna tuna abin da ya faru, suna tsokanar juna, suna ƙarin gishiri. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Bakinsu da muryarsu ba su haɗu ba ko sau ɗaya, amma a karon nan muryar tasu ce.

Haka aka yi da Moi, un noir, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan ya fito a 1958. Jaruminsa Oumarou Ganda, ɗan Yamai, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Indoshin, a lokacin yana dako a tashar jiragen ruwa. Ya kalli hoton kansa ya yi magana a kai, ya faɗi gajiyarsa da talaucinsa da haushin yadda aka yi amfani da shi a yaƙi aka yar. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi ƙwarai. Rashin kayan aiki ne ya haifi salon, amma salon ya yi tasiri har Turai. Shi kuma Ganda ya dawo gida ya riƙe kamera da kansa, ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame wanda ya ɗauki babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karon farko da aka ba da ita. Gidan al'adun da ke ɗauke da sunansa a Yamai, yara da yawa suna shiga kallon wasa ba su san wannan ba.

Maganin kurmancin ya fito daga ƙasar Suwis. Wani ɗalibi ɗan asalin Folan, Stefan Kudelski, ya ƙera ƙaramar na'urar ɗaukar murya a Lausanne a 1951, ya sa mata suna Nagra, wato "za ta ɗauka" a harshensu. Ƴan rediyo ne suka fara rububinta, abin alfaharinmu. A 1958 ya fito da Nagra III mai aiki da batir, wadda mutum ɗaya zai rataya a kafaɗa. Sannan aka ƙara mata abin da ya warware matsalar: wata waya daga kamera zuwa Nagra, tana aika wani siririn sauti mai bugu 50 a sakan, gwargwadon gudun injin kamerar. Ana ɗaukar wannan bugun a kan zaren tare da murya, ba a jin sa. In an zo kwafe muryar, wata na'ura tana sauraren bugun, in kamera ta yi sanyi a wani wuri ita ma ta rage gudu, in ta yi sauri ta ƙara. Kamar makaɗi ne ke bin ƙafar mai rawa.

A 1960 Rouch da Edgar Morin suka ɗauki Chronique d'un été a titunan Paris, da sabuwar kamera mara nauyi mara ƙara da injiniya André Coutant ke kan gwadawa, suna tare mutane suna tambayarsu ko suna jin daɗin rayuwa. A shekarar ce a Amurka Robert Drew da Richard Leacock suka bi John Kennedy yaƙin neman zaɓe a fim ɗin Primary. Sai dai wayar nan ta ɗaure mai kamera da mai murya kamar awaki biyu a igiya ɗaya. Daga baya aka sa wa kowace na'ura agogon kwartz, irin wanda ke cikin agogon hannu, kowace ta riƙe lokacinta daidai, aka cire wayar.

Wanda ke son ya ga abin da wannan ya canza, ya nemi Tourou et Bitti. A watan Maris 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, ana wasan bori don neman tsari daga fara, an kwana uku ana kiɗa ba wanda ya hau. Rana ta huɗu da yamma Rouch ya saɓa kamera, Moussa Hamidou, ɗan ƙasarmu, ya rataya Nagra ya riƙe mikro, suka shiga filin suna ɗauka ba tsayawa har zaren ya ƙare, kimanin minti goma. Kowa da ra'ayinsa kan bori, mu ba shi muke magana ba. Abin da muke nunawa shi ne a fim ɗin nan, in hannu ya sauka kan ganga a lokacin ake jin ta, in mutum ya buɗe baki muryarsa ce ke fita. Tsakaninsa da fim ɗin Ayoru na farko shekara ashirin da huɗu ne. Sunan Rouch kowa ya sani, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Faburairu 2004, an rufe shi a Yamai. Sunan Moussa Hamidou, wanda ya shekara da shekaru yana riƙe masa kunne, ba kasafai ake ambata ba, kuma wannan ɗabi'ar har yau tana nan: a wajen ɗauka kowa mai kamera yake kallo, mai mikro ko ruwa sai ya roƙa.

Abin da ya biyo baya za mu taƙaita. A 1967 wani kamfanin Amurka, EECO, ya fito da tsarin ba kowane hoto lambarsa ta awa, minti, sakan da lambar hoto, sai na'urori su daidaita da lamba maimakon ido. Sannan bidiyo ya zo, kaset ɗaya yana ɗauke da hoto da murya tare. Waɗanda suka yi zamanin VHS, masu ɗaukar biki da suna da wa'azi, da waɗanda suka fara fim ɗin Hausa a Kano daga 1990, ba su san wannan ciwon kai ba sosai. Muryar dai ba ta da kyau, iska da hayaniya duk suna ciki, amma tana kan baki.

Ciwon ya dawo ta inda ba a zata ba. A ƙarshen 2008 kamfanin Canon ya fito da 5D Mark II, kamerar hoto ce amma tana ɗaukar bidiyo mai kyau kamar na silima, a farashin da ƙaramin studiyo zai iya. Sai dai kunnenta ba shi da kirki. Mutane suka koma ɗaukar murya a wata ƙaramar na'ura daban, irin su Zoom H4n. Aka koma gidan jiya ke nan, na'ura biyu, gudu biyu, ga kuma gutsattsarin bidiyo ɗari daga biki ɗaya da za a jera da hannu ɗaya bayan ɗaya. Mai montaj sai ya kwana yana jan layi da linzami.

A 2009 wani ƙaramin kamfani na Kanada, Singular Software, ya fito da manhajar PluralEyes, kuma tunaninta mai sauƙi ne. Kamera ai ta ji wani abu, ko da mara kyau ne. To a ɗauki wannan gurɓatacciyar muryar, a ɗauki mai kyau ta mikro, a zana su duka biyu kamar tudu da kwari, a yi ta zame ɗaya a kan ɗaya har a samu inda tuddansu suka fi dacewa. Ba katako ake nema ba yanzu, kowane tari, kowace dariya, kowace kalma mai ƙarfi ta zama ƙwas. Aikin kwana ya koma na minti. Manyan kamfanoni suka ga haka suka sa dabarar cikin nasu: Final Cut Pro X a 2011, Premiere Pro a 2013, DaVinci Resolve ma yana da ita har a wanda ake saukewa kyauta. PluralEyes ɗin da ta buɗe hanya, an sayar da ita ga Red Giant a 2012, a 2023 kuma masu ita suka sanar sun daina ciyar da ita gaba, tunda kowa ya riga ya kwaikwaya. Yau yaro a studiyon bakin kasuwa zai zaɓi fayil biyu, ya danna synchroniser, ya juya ya ci gaba da shan shayinsa.

To in abin ya yi sauƙi haka, me ya same mu makon jiya?

Manhajar tana nemo inda za a fara ne, ba ta hana rabuwa a hanya. Mun ɗauki hoton da salula, muryar da na'urar gidan rediyo. Yawancin salula ba sa riƙe adadin hoto guda a sakan, in haske ya ragu ko wayar ta yi zafi sai lissafin ya ɗan motsa, kuma mun yi hirar da rana tsaka a ƙarƙashin bedi. Ko ba wannan ma, agogon na'ura biyu ba sa taɓa zama ɗaya cif. Bambancin kashi ɗaya cikin dubu goma, a awa ɗaya ya zama sulusin sakan da ɗoriya, hoto tara ke nan a tsarin hoto 25 da telebijin ɗinmu ke bi. Wanda ya haɗa bidiyo mai hoto 30 da lissafin 29.97 kuwa, a awa ɗaya zai tarar da ratar sakan uku da rabi da ɗoriya. Mu mun danna maɓalli, mun duba minti biyu na farko, mun ga daidai, mun aika. Ba mu duba ƙarshe ba. Gyaran bai ɗauke mu awa ɗaya ba: mun fara mayar da bidiyon salular zuwa tsayayyen adadin hoto da manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, sannan muka sake haɗawa, muka duba farko, tsakiya da ƙarshe.

Kuma kunnen ɗan Adam ba ya yafiya a wannan fage. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta auna: mutum yana fara lura in murya ta riga hoto da kusan kashi 45 cikin dubu na sakan, amma in murya ce a baya sai ta kai wajen 125 kafin ya lura. Dalilin kuwa duk mun san shi tun muna yara. Ka hango mata suna daka daga nesa, za ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji dum. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, haske kuwa nan take. Mun saba da murya ta makara, ba mu taɓa saba da ta riga ba.

Wannan lissafin turmin yana cin masu ɗaukar wa'azi da taron siyasa ba su sani ba. In ka kafa kamera mita 34 daga mai magana, muryar da kamerarka ta ji ta riga ta makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan. Manhaja za ta jera muryar mikro mai kyau daidai kan wannan makararriyar, ta ce maka ta gama, alhali hoto biyu da rabi ne tsakani. Sai ka ja da hannu. Haka in gurup yana ruri kusa da kamera, ko iskar hunturu tana bugun mikro, ko lasifika huɗu suna amsa-kuwwa a fili, tudun da kwarin sun cushe, ba abin da za ta kama. Wajen biki kuwa kalangu ne ke ruɗa ta, tunda bugun yana maimaita kansa, sai ta aza zagaye na uku kan na huɗu ta ce daidai ne. Mafi muni shi ne wanda ya kashe mikron kamera gaba ɗaya don wai yana da na'ura mai kyau a gefe. Wannan ya mayar da kansa 1947 da hannunsa.

Akwai kuma wani abin da ya fi damunmu, wanda mai saƙon nan da ya zarge mu ya taɓo ba tare da ya sani ba. Zarginsa a kanmu kuskure ne, amma tsoronsa yana da tushe. Mun saba ganin fim ɗin Indiya an ɗora masa Hausa, wannan kowa ya san wasa ne. Yanzu akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum, su kuma gyara motsin leɓensa ya bi maganar da bai taɓa yi ba. Wato bidiyon da bakinsa ya kauce, kamar namu, sau da yawa na gaskiya ne da aka yi wa aikin gaggawa, wanda aka ƙirƙira da gangan kuwa yana iya zuwa sumul. Shi ya sa daga yanzu duk hirar da ta shafi gona, gado, sarauta ko siyasa, muna ajiye asalin fayil ɗin salula da nasa sautin yadda aka ɗauka, ba yanka ba gyara, kuma wanda aka yi hirar da shi ko iyalinsa suna da damar zuwa su gani.

Shekaranjiya mun koma garin don mu nuna wa tsohon bidiyon da aka gyara, mu kuma ƙarasa wata tambaya da ta rage. Ya kalla har ƙarshe a tsakar gidansa tare da ƴaƴansa da maƙwabta biyu, ya ce yanzu kam shi ne. Da za mu fara sabuwar ɗauka, abokin aikinmu ya kunna salula, ya kunna na'urar murya, ya zo gaban tsohon ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Tsohon ya ɗan zabura ya ce, "Yaro, ban ce komai ba tukuna, me kake yi wa tafi?" Muka ce, "Baba, na na'ura ne, ba naka ba." Da aka gama ya sake tafawa a ƙarshe don mu auna ko an rabu a hanya. Kashi na biyu na hirar zai hau shafin nan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in Allah ya kai mu.